Minti Ashirin da Uku

Ruwan Agusta na dukan kwanon rufi a Rikkos,
ƙanƙara na tsalle a dandamali kamar an watsa gero,
ni kuwa ina gaban talabijin
ina kallon wani ɗan zobe yana juyawa, yana juyawa,
akuya a turke tana neman ƙarshen igiyarta.

Davou, ɗan maƙwabcina, ya shigo kafaɗa a jiƙe.
Ya ce, Baba, ba laifin sabis ba ne kaɗai.
Ɗan baƙin abin nan da Hasiya ta aiko daga Abuja,
mai tsawon yatsa, da ke maƙale a ƙeyar allo,
cikinsa ne ya cika. Miƙo rimot.

Muka shiga saiti kamar masu shiga sito da tocila.
Ya fara da hoto.
Ya ce, kana juye tulu a bakin kwalba,
shi ya sa datar wata ba ta ganin sati biyu.
A rage kaifinsa?
Na ce rage. Idona ma ya rage nasa tuntuni,
ban kai ƙara gun kowa ba.

Ya sallami manhaja goma sha ɗaya da ban taɓa gayyata ba,
baƙin da suka tare a zaure suna cin tuwona a ɓoye.
Ya share tarkace.
Ya ɗauke akwatin intanet daga bayan firji
ya ɗora shi kan kabad, inda zai sha iska.
Zoben ya ɓace.

Sai ya sassauta murya.
Baba, ka san yana ji?
Ɗan ramin nan a goshin rimot, kunne ne.
Na tuna abin da na faɗa a ɗakin nan tun bara:
bashin da nake bin Tanimu,
takardar asibiti,
zancen da nake yi ni kaɗai bayan isha'i.
Cewa bango na da kunne, wannan mun gada,
amma bango bai taɓa kai abin da ya ji kasuwa ba.
Na ce toshe.
Ya toshe.
Ya hana shi faɗin unguwar da nake,
ya hana shi ƙirga awannin zamana,
muka kulle ƙofar saye da lambar tsohuwar basfata
wadda jikoki ba za su canka ba.

Saura ɗaya, in ji shi. Tarihin kallo.
In an goge, ya manta da kai, ya ƙara sauri.

Jerin ya buɗe.
Labarai, ƙwallo, tafsiri, ƙwallo.
Can ƙasa, shirin girki: gwaten acca da yakuwa,
jan layi ya tsaya a minti ashirin da uku.

Barira ce.
Wata Laraba ce.
Ta ce, tsayar min, kaina na sarawa, zan dawo in ƙarasa.
Wata tara ke nan allo na tambaya ko a ci gaba.

Davou ya ɗora yatsa kan maɓalli bai danna ba.
Yaro ne mai hankali,
ya juya yana duba ko ruwan ya tsagaita.

Na san wani inji a ƙasar da ban san sunanta ba
yana riƙe da wannan minti.
Bai san ta ba, bai zo ta'aziyya ba,
a gunsa gida ne da za a tallata wa tukwane.
Duk na sani.

Na ce, bar wannan.
Ya ce, to, za su ci gaba da gani fa.
Na ce, su gani.

Yanzu labarai na tafiya sumul, ba tuntuɓe,
rimot ya kurmance, data na kai ƙarshen wata.
In na gangara ƙasan allo kuwa
mai girkin na nan, ludayi a sama,
tururi tsaye cak a bakin tukunya,
ba ta zuba gishirin ba tukuna.